Keken Ɗinkin Okafo

Yaƙin basasa ya shiga shekara ta biyu. Ina zaune a zauren wani malami a Yakasai, ga wani dattijo ma'aikacin reluwe a gabansa, hula ta koɗe, farce duk baƙin mai. Da gani ritaya ta ƙarato. Wasiyya suka zo rubutawa shi da matarsa, tana tsugune bakin ƙofa.

"Malam, rubuta, keken ɗinkin ɗakina ba ya cikin gado. Amanar Okafo ce, abokin aikina da ya gudu Gabas."

Malam ya ce, "In ya rasu fa?"

"A nemo 'ya'yansa."

Matar ta ce, "Har da almakashin, Malam."

Na sunkuyar da kai. Rediyon da nawa abokin aikin ya bar mini amana da zai gudu, tun bara na sayar.