Ƙwallo a Lungun Alabar

Ranar Talata da la'asar ina alwala wayata ta yi ƙara. Fulera ce, 'yar kawuna, daga Kumasi. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Yaya Sani, Awudu ya rasu." Na yi salati, na ajiye buta. Tun daga ranar na kasa zama wuri ɗaya, sai zagaye nake a tsakar gida.

Ina aji biyar na firamare Inna ta tafi da ni ziyara daga Kano zuwa gidan yayanta mai sayar da goro a Alabar, cikin Zongon Kumasi. Awudu ɗansa ne, sa'ana. Garin ya yi mini yawa. Ruwa kusan kullum, yaran mota na ihun Adum, wato tsakiyar gari, yara na Hausa suna cakuɗa ta da Turanci da Tonanci, yaren Asante. Da safe mukan yayyafa wa ganyen goro ruwa mu share shago, ni kuwa hankalina na lungun bayan masallaci, inda ake kafa duwatsu a buga ƙwallo. Wanda ya jefa ta kwata shi zai tsamo ta. Wanda ya daki teburin mai koko kuwa, ya shiga uku.

Kwana da kwanaki yaran lungun ba su sa ni a wasa ba. Gadin silifas ɗinsu nake, ƙafata na ƙaiƙayi, ga ranar komawarmu tana matsowa. Ranar da yaran wata unguwa suka zo karawa, Awudu ya tsaya kai da fata. "Ku sa shi, ɗan'uwana ne. In ya ɓata, ni zan fita." Shi ne mai ci musu ƙwallo, don haka suka yarda.

Ƙwallo ta zo ƙafata, na wuce mutum ɗaya, sai na ji Awudu yana ihu, "Fa ma me! Fa ma me!" A kunnena cewa yake fama nake yi, a gaban jama'a. Raina ya ɓaci. Na taka ƙwallon na juyo na ce, "Wane irin fama?" Kafin in rufe baki an ƙwace, an ci mu. Nan take aka fitar da ni.

Awudu ya cika maganarsa. Ya fita ya zauna kusa da ni a bakin kwata, yana dariya har da hawaye. "Kai, Ɗan Kano! Tonanci ne, cewa na yi ka ba ni." Abokansa suka yi ta lallashi ya koma, ya ce sai dai mu biyu. Ba su yarda ba. Sauran kwanakin nan a gefe ya yi su tare da ni, yana koya mini abin da 'yan wasa ke faɗi, alhali na san ƙafarsa ta fi tawa ƙaiƙayi.

Yanzu an ce an gina shaguna a lungun, yara sai sun yi nisa kafin su sami fili. Bara Awudu ya kira ni, ya ce ɗansa Basiru ya fara buga wa unguwa, in zo mu kalle shi tare. Na ce bayan Sallah. Sallah ta wuce, wata ma ta wuce. Har yau ban ga wasan yaron ba.