Gayaunar Tanko a Bakin Watari

Mun tashi da asuba daga birni, ni da maigidana da ƙanina, bayan na shiga na yi wa Baba sallama. Shekara da rashin lafiya sun kwantar da shi, kuma abu ɗaya yake ta maimaitawa: a je a gano masa gaskiyar kakansa Tanko. Tun Baba yana yaro ake yi wa gidanmu gori a unguwa, wai Tanko koro shi aka yi daga ƙauyensu saboda satar damin gero, tun zamanin da Turawa ba su zo ba. Abin da muka riƙe kaɗan ne. Ƙauyen yana bakin kogin Watari, uwar Tanko sunanta Kyauta, kuma akwai tagwayen tsamiya a ƙofar gidansu. Ni dai idan gorin ya tabbata ban san da bakin da zan gaya wa tsohon nan ba.

Hanyar Bagwai ba laifi, sai ramuka nan da can. Gonaki kuwa a manne suke da juna, ba inda aka bari ko na shimfiɗa tabarma. Mun karya da waina a tasha, mai zafi da miyar taushe. Albasa da tumatir araha kamar a roƙe ka ka ɗauka, har maigidana ya manta abin da ya kawo mu ya tsaya ciniki.

Daga nan kwalta ta ƙare. Duk dattijon da muka tambaya sai ya ce ya san Tanko, ashe kowane gida da nasu Tankon. Ƙanina da ya sha farin takalmi ya zurma cikin lambun wani, muka yi ta ba mai lambu haƙuri yana dariya. Sai wata mai tallan daddawa ce ta ce tsamiya biyu a haɗe ai sai gidan Baba Nomau.

Mun isa ana shirin azahar. Tsamiya ɗaya ta faɗi, kututturenta ne ya rage. Mutanen gidan Kirista ne, amma kafin in buɗe baki wata mata ta miƙo mini buta, ta shimfiɗa tabarma ta nuna mini gabas. Bayan na idar aka kawo tuwon gero da miyar kuka. Baba Nomau, tsoho mai ran ƙarfe, ya ce ba a tambayar baƙo da yunwa a cikinsa.

Da muka wanke hannu, maigidana ya faɗi abin da ke tafe da mu. Yana ambaton Kyauta, sai tsohon ya ajiye goron da ke hannunsa.

"Tanko na Kyauta? To ku tashi mu je."

Ya kai mu bayan gida, cikin gandu, wato babbar gonar da duk gidan ke nomawa tare. A gefe akwai wata 'yar gona da aka kewaye da gamba. Ya ce wannan gayaunar Tanko ce, ɗan filin da ake yanka wa saurayi ya noma na kansa. Tanko ya kora jakuna da dawa zuwa Kano, yaƙi ya tashi hanya ta rufe, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Kyauta ta hana a haɗe gonar da gandu, ta ce ɗanta zai dawo. Har ta mutu tana jira. Tun daga lokacin ba wanda ya gaje ta. Ana nomawa, a zuba a rumbu daban, baƙo kawai ake tuƙa wa.

Na daure na ce, "Baba, mu an ce mana sata ya yi aka kore shi."

"Sata? 'Yar nan, wa ke ajiye wa ɓarawo gona? Tuwon da kika ci ɗazu ma na kakanki ne."

Nan na durƙusa cikin kunya na yi ta kuka, matan gidan na riƙe ni suna tsokanata wai 'yar birni ta zo gado. Da za mu tafi suka cika mana buhu da gero daga rumbun nan, suka ce ba kyauta ba ce, namu ne.

Mun shigo gida bayan magariba. Na zauna gefen gadon Baba na zayyana masa komai, na zuba masa geron a tafin hannu. Ya daɗe yana murza shi, sannan ya ce, "Alhamdu lillahi. Ashe jiranmu ake yi." Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, mun yi shekara da shekaru muna tsoron tambayar da amsarta alheri ce. Ranar Asabar Baba Nomau zai zo duba ɗan'uwansa, kuma Baba ya ce a fito masa da babbar rigarsa a goge.