Yadda Muka Ɓoye wa Tauraro Hayaƙi

Ko zan manta komai, ba zan manta watan da aka auna iskar unguwarmu ba. Lokacin soja sun koma bariki, mun zaɓi kansila, har ya fara ajiye tumbi.

Ni tela ne a Fagge. Bayan gidanmu akwai bola da ake ƙona tayoyi, ga janareton Sabon Gari ba dare ba rana. Mahaifiyata, Inna, asma ta sa ta a gaba, wani lokacin a zaune take sallah.

Rannan wata malamar jami'a ta zo ta roƙi a ɗora wata na'ura a saman benenmu. Ta ce akwai tauraron ɗan'adam da ke wucewa ta kanmu kullum bayan azahar yana auna gubar da ke cikin iska, su kuma za su auna daga ƙasa a daidai lokacin, su ga ko gaskiya yake faɗa. Na ce, "Malama, in ya tabbata fa?" Ta ce to hukuma ta samu hujjar tashin bolar. Wallahi da kaina na ɗauki na'urar na hau da ita.

Ashe labari ya kai wa kansila. Sai ga shi da 'yan rakiya yana huci.

"Wato Turawa za su leƙo mu daga sama su ga ƙazanta? A mulkina? Ina!"

Ya sa doka: da an kira azahar a kashe janareto, a yayyafa wa bola ruwa, 'yan acaɓa su tura babur da hannu. Har mai tsire aka kora. Da la'asar kuwa kowa ya kunna abinsa, a rama abin da aka rasa.

Sakamako ya fito. Tauraro da na'ura sun yi daidai, iskarmu kuma garau! Malamar ta rubuta cewa da walakin, amma wa ya karanta? Kansila ya shiga rediyo ya yi godiya ga Allah. Bola tana nan inda take, dokar kuma aka janye ta, hayaƙi ya dawo.

Ranar da aka sauke na'urar Inna ta kira ni, tana haki. Ta ce, "Ɗan nan, roƙar mini su bar tauraron nan ya riƙa wucewa. Tsakanin azahar da la'asar kaɗai nake samun numfashi."

Na rasa bakin gaya mata cewa yana nan yana wucewa, mu ne muka daina jin kunyarsa. Tun ranar na gane shugabanninmu sun iya gyara sarai, amma sai in baƙo na kallo.