Harshen ƙasa da Mariyama ta tsinto a Timia

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanwata Mariyama, malamar kimiyyar halittu a wani lise, wato makarantar sakandare, nan Agadas. Ni direba ne, karatuna bai wuce firamare ba, amma ni ke kai ta Timia duk hutun damina.

A can ne, gefen wata ƙorama kusa da lambunan lemu, wata rana ta durƙusa ta daɗe ba ta tashi ba. Abin da ta gani bai kai ɗan yatsa tsawo ba, baƙi wuluk, ya leƙo daga cikin danshi. Na ce ruɓaɓɓen icce ne. Ta ce, "A'a Yaya, dangin naman kaza ne, ana kiransa harshen ƙasa. Ban taɓa jin an gan shi a wajenmu ba."

Damina uku tana komawa, sau biyu kawai ta sake samunsa. Ta shanya, ta zuba a ambulan, ta zana shi cikin kaye, littafin rubutunta. Tsohon littafinta na Faransanci ya haɗa baƙaƙen da wasu koraye da rawaya a dangi ɗaya. Ita kuwa hankalinta bai kwanta ba, ta ce siffa ce kawai ta haɗa su. Abokan aikinta suka yi ta dariya. Tana shirin aika samfur waje a duba, ciwon hanta ya kwantar da ita.

Bara ɗiyarta, da ke jami'a a Yamai, ta kira ni. Ta ce masana sun binciki ƙwayoyin gadon waɗannan halittu, sun ware baƙaƙen, sun ba su reshe nasu daban. Tun Mariyama na raye aka yi, labarin ne bai iso mu ba. Na ajiye waya na rasa wanda zan gaya wa. Innarmu ta rasu, mijin Mariyama ya bar garin, a tasha kuwa wa zai saurari zancen naman kaza?

Da tana nan, ba na jin za ta yi alfahari. Tambaya za ta yi: nata na Timia fa, a ina ya faɗa? Har yau ba wanda ya sani.

Ba ta bar gadon gida ba, sunanta bai shiga littafi ba. Abin da ya rage shi ne, duk na biyo wuri mai danshi sai na tsayar da mota, na sauka, na sunkuya. Fasinjoji sukan tambaya ko makulli na yar. Nakan ce eh, don babu mai gane amsar gaskiya. Allah ya jiƙanki, Mariyama.