Zaren Hagu a Cikin Tulu

Shekarun baya, tun ina da sauran haƙoran taunar aya, ruwan sama ya kada ɗakin mahaifiyata a gidanmu na gado, wani ƙauye gaba da Mabai. Ita ta riga ta rasu, ɗakin babu mai kwana cikinshi sai kaji. Kafin ita kau kakarmu ta wajen uba ce ta zauna ciki, wadda ni ban ma tashi na iske ta ba. Ni lokacin ina aure a Ƙanƙara.

Yayana shi ne babba a gidan. Da lokacin girbi ya yi sai ya ce za ya tada ɗakin ya riƙa zuba hatsi. Wurin haƙar tushe, daidai kusurwar da randa take zama tun muna yara, diga ta ci karo da tulu, bakinshi a liƙe da laka. Suka fasa lakar, suka leƙa, suka ga kuɗin da. Masu haƙa suka watsar da diga suka yi waje.

Ni ba a ko aiko mani ba. Ranar kasuwa na ji a bakin wata mai daddawa 'yar ƙauyenmu.

"Ke ba ki ji ba? An tono kuɗin aljannu a gidanku. Ƙafar yayanki ta kumbura, akuyarshi ta mutu. Juma'ar nan in an sauko masallaci za a jefa tulun a matacciyar rijiyar bayan gari a cike ta da ƙasa."

Na ce, "Aljannun suka ce nasu ne?"

Ta ce, "Ke dai bakinki ba ya da linzami."

Ran Juma'a da hantsi na hau motar kasuwa na tafi. Ba wai na san abin da ke cikin tulun ba. Abin da ya tsaya mani a rai, abu ya fito daga ƙarƙashin ɗakin da aka haife ni, a ce za a binne shi ban ko gan shi da idona ba. Wannan kam ban yarda ba.

Na iske tulun a tsakar gida, an zagaye shi da toka, an kewaye da ƙaya kamar mai ƙyanda. Matan gida suna ratsewa ta bayan rumbu don kada inuwarsu ta faɗa mashi. Yaya na zaune bisa tabarma, ya miƙe ƙafa an shafe ta da magani baƙi ƙirin.

Muka gaisa. Na ce, "Yaya, mu ga ƙafar."

Na duba. Ƙaya ce ta karye a diddige, ta yi ruwa. Na ce mashi wannan ai sai allura da ruwan zafi. Na tambayi akuyar, matarshi ta ce da aka feɗe ta an iske leda cunkushe a cikinta.

Na ce, "To aljanin gidan nan leda yake ɗura ma dabbobi?"

Ya ɗaure fuska. "Ke, ban son iya shege. An gama magana. Ba ki da ta cewa a nan, gidanki na Ƙanƙara."

"Gidana na Ƙanƙara, cibiyata tana bayan wancan ɗakin."

Na ja ƙayar gefe da sanda, na tsallake tokar, na yi bisimilla na cusa hannu. Sai na ji salati ya tashi ko'ina. Ashe hannun hagu na sa. Ni bahaguwa ce tun haihuwa. An ɗaure mani hannun da tsumma, an buge shi da muciya, duk a banza. Abinci kawai nake ci da dama. Ko wannan rubutun da na koya da furfura a ajin yaƙi da jahilci, da hagu nake yin shi, malamar ta yi ta fama har ta gaji ta ƙyale ni.

Matar yaya ta ce, "Wayyo, da hagu ma ta taɓa!"

Abin da na fara jawowa kwabbai ne masu huji a tsakiya, irin waɗanda muka tashi muka iske ana kashewa, da aninai ƙanana, sun yi kore sun manne da juna. A ƙarƙashinsu kau wuri ne fal, fari tas, har gindin tulu. Ni dai wuri na san shi a goshin ƙwarya da wuyan yara, amma ban taɓa ganinshi da yawa haka ba. Sai kuma hannuna ya taɓo wani abu mai zagaye. Gululu ne, dunƙulen yumɓun nan da ake sa ma mazari ya yi nauyi wajen kaɗi.

Na ɗago kwabban na duba da kyau. A zare aka shirya su kamar tsakiya. Mafi yawan zaren ya ruɓe, amma inda ya ratsa cikin hujin tsatsa ta riƙe shi, yana nan. Na ciro ɗan guntu na murza a yatsa. Duk macen da ta yi kaɗi ta san zaren mai dama gefe guda yake murɗewa. Wannan a juye yake. Irin nawa ne sak, wanda masaƙa suke ce mani in ware shi daban don ba ya shiri da na sauran mata.

Tun ina yarinya in an buge mani hannu mahaifiyata take cewa a bar ni, gado na yi wurin kakata.

Na ce, "Yaya, wannan kayan kaka ne. Zaren hagu ne."

Ya yi dariya har yana riƙe ƙafa. "To ai shi ke nan kin gama mani shaida. Wa bai san aljani bahago ne ba?"

Na ce, "Aljanin da ya zauna ya gurza auduga, ya yi kaɗi, ya kai kasuwa, ya tara anini bisa anini, wallahi ya fi ka zuciyar nema. Sai a bar mashi kayanshi."

Matan suka rufe baki da mayafi. Shi kau ya ce ko in yi ta zuba har la'asar, in an sauko masallaci tulu sai rijiya. Aka ɗora Yaya bisa jaki ya tafi Juma'a.

Ni kau na ɗauko faifai na rufe bakin tulun, na gyara zane na zauna bisa. Na aika a ɗauko mani gwaggonmu, ƙanwar babanmu, ita kaɗai ta rage cikin ɗiyan kaka, tana aure a unguwar gaba, idonta ya tafi. Rana ta dake ni sosai. Bakin tulu kuma ba kujera ba ne, sai da na yi kwanaki ina tafiya kamar agwagwa. Matar yaya ta miƙo mani ruwa daga nesa, a bakin sanda ta turo kwanon.

Maza suka dawo da liman da igiya da buhu. Suka iske ni zaune kamar kaza bisa ƙwai.

Yaya ya ce, "Tashi."

Na ce, "Ku haɗa da ni ku jefa. Rijiyar ai tana da faɗi."

Liman dattijo ne mai sanyi. Ya ce, "Hajiya, mi ya yi zafi?" Ko Makka ban je ba lokacin, lallashi ne kawai.

Na ce, "Allah gafarta Malam, a jira Gwaggo. In ta taɓa ta ce ba ta san shi ba, ni da kaina zan kai shi rijiyar."

Aka jira. Aka kawo ta a amalanke. Ban ce mata komi ba, na sa mata guntun zaren a hannu. Ta murza, ta sake murzawa. Na sa mata gululun. Ta bi shi da babban yatsa har ta iske wani ɗan gibi a gefe.

Ta ce, "Ni na fasa shi. Ina ƙarama na ɗauka ina wasa ya faɗi bisa dutsen niƙa. Inna ta bi ni har bayan rumbu." Sai hawaye. "Ina kuka samo shi?"

Nan ta ba da labarin da ko yaya bai taɓa ji ba. Ta ce uwarta da kuɗin wuri ta fara sayar da zare. Aka wayi gari masu karɓar haraji suka ce ba su son wuri sai kuɗin Bature, kasuwa ma ta bi. Mutane suka riƙa zubar da shi a bola, wasu suka ba yara. Ita kaka ta ce guminta ba ya zuwa bola, wata rana za a dawo a neme shi. Ta koma ta fara tari daga farko da kwabo da anini. Shekarar sanƙarau ta kwanta da safe, kafin azahar ta cika, ba ta samu bakin faɗin komi ba. Aka duba ɗaki ba a ga ko anini ba, har mutane suna cewa duk kaɗin nan nata a cikinta ya ƙare.

Gwaggo ta ce, "Ashe dukiyar tana ƙarƙashin randa, muna shan ruwa bisa kanta."

Liman ya ce abin da aka san mai shi ba na aljani ba ne, gado ne, kuma ga ɗiyarta zaune. Yaya ya dubi Gwaggo, ya haƙura. Ita kau ta laluba ta kamo hannuna na hagu ta ce, "A ba wannan. Ita ta zauna bisa."

Direban motar kasuwa ya ce shi ba ya ɗaukar tulun, labari ya riga ni zuwa tasha. Na yi gammo na ɗora shi a kai, na kama hanya a ƙasa, sai can wani mai tarakta da bai san zancen ba ya rage mani hanya.

Daga baya wani malamin jami'a mai binciken kayan da ya ji labari ya zo har gida. Ya iske na dirje kwabban da toka da lemun tsami suna ƙyalli. Ya dafe kai ya ce, "Haba Baba, ai tsatsar ma magana take yi." Na ji kunya, ni a tunanina gyara na yi. Allah ya so ban taɓa masu zaren ba. Shi ya faɗa mani wuri daga teku yake zuwa, teku mai nisan gaske, hannu zuwa hannu, bisa jirgi da raƙumi da jaki, har ya iso hannun wata bahaguwa a ƙauyenmu. Ya roƙi kaɗan don ɗalibanshi, na ba shi. Gululun kam na ce ko kallo sai a hannuna.

Yaya ya rasu, Gwaggo ta rasu. Ƙauyen ma yanzu ba mu iya zuwa yadda muke so, kun san halin da ake ciki. Da na bari an jefa tulun nan, da yau babu abin kakata ko ɗaya da za a nuna, sai zancen cewa ta cinye guminta.

Lokacin canjin kuɗin nan da aka yi, da na ga mutane riƙe da takardu a kasuwa ana ce masu sun mutu, na dawo gida na buɗe tulun na daɗe ina kallo. Kuɗin wurin kakata bai dawo kasuwa ba. Amma an dawo an neme shi kamar yadda ta ce. Tulun yana nan ɗakina, kusa da randa. Bisa ƙasa dai, ni ba ni binne komi.