Shigo In Rage Maka Hanya

Babana tela ne. Shekara arba'in da wani abu ya yi a zaune a kan benci ɗaya, a shago ɗaya a Tudun Wada, ƙafarsa ta dama tana taka keke, sauran jikin yana hutawa. Kakana ne ya zo Minna aikin jirgin ƙasa, shi ya ƙare rayuwarsa yana bin layin dogo a ƙafa, ɗansa kuwa ya samu wuri ya zauna. Daga gida zuwa shago bai fi taku talatin ba, daga shago zuwa masallaci ma bai kai haka ba. Shayi kuma kofi uku a rana, kowanne da suga cokali huɗu. In ka yi magana ya ce ai ba kai ka saya masa ba.

Shekarar da na sayi mota ita ce shekarar da likita ya ce yana da ciwon suga, ga hawan jini a kai. Ni na kai shi asibitin, ina tsaye a bayan kujerarsa na ji komai da kunnena, don haka ba ni da bakin cewa ban sani ba. Likita ya rubuta magani, ya ce a rage tuwo, a bar suga, sannan ya ɗaga yatsa ya ce, "Baba, babban maganin ba ya cikin takardar nan. Tafiya ce. Kullum da safe ka yi tafiya har sai ka ji gumi a bayanka."

Na ɗauka zai yi tsaki, don na san halin abina. Sai ga shi washegari ya tafi wajen 'yan gwanjo ya sayo takalmin kambas fari. Inna, mahaifiyata, ta riƙe haɓa ta ce, "Malam, ƙwallo za ka fara da tsufanka?" Ya ce, "Ke dai ki sa ido." Tun daga ranar, in an idar da sallar asuba sai ya dawo gida ya ɗaura kambas a ƙarƙashin jallabiya, ya bi gefen layin dogo har Sabon Gari, ya kewayo ya dawo. A wannan hanyar ya yi aboki, wani tsohon malamin makaranta, Kirista ne ɗan kudancin Kaduna, shi ma likita ne ya fito da shi. Wannan ya ce Tela, wancan ya ce Tica. A bakin mararrabar dogo suke haɗuwa, su tafi suna gardamar wanda ya fi wani kewar suga.

Sai dai unguwarmu ba a barin dattijo ya yi tafiya a ƙasa. Tarbiyya ce, da ita muka tashi, ni ma na sha yi wa iyayen wasu. Ɗan acaba zai ci birki, mai mota zai sauke gilashi: "Baba, ina zuwa? Shigo in rage maka hanya." Ƙin shiga kuwa kamar ka mayar wa mutum kyautarsa ne. Baba ya kan ɗaga hannu ya ce, "Na gode, Allah ya yi albarka, motsa jiki nake yi." Kafin ya kai dogo sai ya faɗi haka sau biyar ko shida. Wasu su yi dariya, wasu su ja mota da fushi.

Wata huɗu ya yi yana wannan. Wallahi na ga bambanci da idona. Tumbin ya sauka, har ya zauna a kan kekensa ya rage ƙugun wandunansa ɗaya bayan ɗaya yana nuna wa kowa. Ya daina gyangyaɗi bayan azahar. Da muka koma asibiti likita ya duba takarda ya miƙa masa hannu, Baba ya fito yana taku kamar wanda aka naɗa wa sarauta. A mota ya ce mini, "Ashe ƙafar nan ba don keke kawai aka yi ta ba."

To, a wajen wani ɗaurin aure ne abin ya lalace. Ana ta rabon goro, wani dattijo a layinmu, sa'an Baba ne, ya kama hannuna ya ja ni gefe. Ya ce, "Ɗana, ni ba na ɓoye magana. Mutane suna surutu. Wasu na cewa karayar arziki ce ta samu mahaifinka, wasu na cewa kan ne ya fara taɓuwa. Amma abin da aka fi faɗi shi ne ɗansa ya yi mota ya bar shi yana jan ƙafa a titi kamar marar gata."

Na ce, "Baba, ai likita ne ya sa shi."

Ya ce, "Likitan a unguwar nan yake zaune?"

Raina ya ɓaci matuƙa. Abin kunyar shi ne ba dattijon na ji haushi ba, babana na ji haushi. Ni da na yi shekaru ina tara albashi kafin in sayi 'yar motar nan, ni da nake kai masa buhun shinkafa, yau ni ne marar tarbiyya a bakin mutane, saboda wani kambas na gwanjo? Haka na yi ta saƙawa ina kwancewa, ban ko tsaya cin abincin bikin ba.

Washegari da sassafe na tada mota daga gidan da nake haya na bi hanyarsa. Na same shi daidai teburin mai shayi, inda maza suka cika benci. Ba kuskure ba ne, nan na so in same shi. Na faka, na fito, na buɗe masa ƙofar gaba, na ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Baba, shigo in kai ka."

Ya dube ni, ya dubi mutanen benci. A hankali ya ce, "Ban gama ba."

Na ce, "Don Allah Baba ka shigo, ana kallonmu."

Ya ɗan tsaya. Ya san in ya ƙi, kafin azahar an gama yaɗawa cewa ya yi fushi da ni, ko ya ƙi shiga motata don bai yarda da kuɗin da na saye ta ba. Sai ya tattare jallabiyarsa ya shiga. Wani a benci ya ce, "Yauwa, ko kai fa! Allah ya yi maka albarka." Na ji daɗin wannan albarkar, ba zan yi ƙarya ba. Baba kuwa har muka isa gida kambas ɗinsa kawai yake kallo.

Kwana biyar a jere na yi haka. Rana ta shida na bi hanyar har Sabon Gari ban gan shi ba. Na dawo na same shi a tsakar gida a kan tabarma, rediyo a gefensa. Ya ce, "Na ga tafiyar tana ɓata maka suna, na bari." Ka san abin da na ce? Allah ya yafe mini, cewa na yi, "Yauwa Baba, ai ko a nan tsakar gida za ka iya zagayawa." Tsakar gidan da duro biyu da igiyar shanya suka cinye! Ya zagaya na kwana biyu ya daina. Inna ta wanke kambas ta tura ƙarƙashin gado. Bayan 'yan makonni na ga cokali ɗaya na suga ya koma cikin shayi, daga baya biyu, ban kuma yi magana ba, don da wane baki?

Shekara guda da 'yan watanni aka yi. Tumbin ya dawo, wandunan da ya rage suka daina shigarsa, ya ajiye su bai kwance ɗinkin ba. Wata safiya Inna ta kira ni tana kuka, wai ya faɗi a wajen alwala. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, har da ƙafar da ta ciyar da mu.

Daga nan kam ya shiga mota ya ƙoshi. Duk mako nakan ɗauke shi cak in sa a kujerar gaba in kai shi asibiti, inda ake motsa wa irinsa gaɓoɓi. Za a tsayar da shi tsakanin ƙarafa biyu, ma'aikaciya tana lallashi, "Baba, ɗaya kawai, taka ɗaya." In ya yi taku uku sai mu tafa. Ni ma ina tafawa, ni da na tsayar da mutum yana taka rabin gari. Wani lokaci nakan ce zan je duba mota, in fita in tsaya a bayan gini har idona ya bushe.

Wata rana muna dawowa, a mararrabar dogo, muka hango Tica yana tafe shi kaɗai da sandarsa. Bai gan mu ba. Baba ya bi shi da ido har muka wuce. Sannan ya juyo, da bakinsa da ya karkace, ya ce, "To, ga ni a motar. Hankalinka ya kwanta?" Ba da faɗa ya faɗa ba, har da ɗan murmushi, irin tsokanar da ya saba. Na gangara gefen titi na kashe mota, don ba na iya ganin gabana.

Da damina ya rasu. An ɗauke shi a kafaɗa zuwa maƙabarta, unguwa gaba ɗaya a ƙasa, ana sauri ana tsallake taɓo. Dattijon nan na ɗaurin aure yana kusa da ni yana haki, gumi ya jiƙa masa riga. Ranar babu wanda ya ci birki ya ce a shigo.

Ranar uku Tica ya zo gaisuwa. Ya cire hularsa ya zauna a bakin tabarma, da aka shafa addu'a shi ma ya sunkuyar da kai. Da zai tafi na raka shi. Ya ce, "Sati biyu ina jiran babanka a bakin dogo. Na ɗauka ko na yi masa laifi ne." Ashe Baba bai taɓa gaya masa dalili ba. Bai gaya wa kowa ba, har Inna sai daga bakina ta ji. Na ce wa Tica bai yi laifin komai ba, amma ban iya ƙarasa masa sauran ba.

Mutane sun yi ta ce mini kwana ne ya ƙare, na kuma yarda, ni Musulmi ne. Ban san ko tafiyar za ta ƙara masa ko yini ɗaya ba. Abin da na sani shi ne wata huɗun nan su ne na fi ganinsa cikin farin ciki tun da na yi wayo, kuma ni na katse su, don a ce mini ɗan albarka a teburin mai shayi. Wannan yana ci na har gobe.

Bara nawa likitan ya ɗaga mini yatsa, magana ɗaya ce sak. Na je wajen Inna na roƙi kambas ɗin Baba, ta jawo shi daga ƙarƙashin gado, amma ya yi mini kaɗan, dole na sayi nawa. Safiyar farko ko kwanar layinmu ban sha ba wani maƙwabci ya sauke gilashi: "Yallaɓai, motar ta lalace ne? Shigo in rage maka hanya." Na ce na gode, motsa jiki nake yi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ja motarsa. Kunya ta rufe ni, saura kaɗan in kira shi ya dawo. Mutum ɗaya ke nan fa, rana ɗaya.

Na tsaya a gefen kwata na kasa ɗaga ƙafa. Wata huɗu babana ya yi yana faɗin wannan kalma sau biyar, sau shida kowace safiya, ga 'yan acaba, ga masu mota, ga sa'anninsa, bai taɓa gajiya ba. Duk garin nan ni kaɗai ne bai iya ce wa a'a ba.