Jarkar Inabi a Gidan Kubra

Duk danginmu na Makka babu mai zargi irin Khadijatul Kubra. Tun tana yarinya a unguwar Nakkasa, in ka miƙa mata dabino sai ta tsaga shi ta leƙa, wai ko akwai wanda ya ɓuya a ciki. Mijinta Abdulganiyyu, direban bas ɗin alhazai, tun da aka ɗaura musu aure take shinshina masa riga in ya dawo. Ba a taɓa kama shi da komai ba, ita kuwa ta ce ai wannan shi ne babban abin tuhumar. Da aka rushe unguwarsu suka koma wani bene a unguwar Kudai, sai da ta ƙwanƙwasa kowane bango kafin ta bari a shigo da katifa.

Ana nan sai ga wani saurayi, Rakan, yana neman auren 'yarta Shaima. Kakansa Bakano ne, a ƙafa ya zo hajji, ya kama gadin lambu a wani kwari bayan Ɗa'if, a ƙarshe ya bar wa 'ya'yansa lambu nasu na kansu. Inabi suke nomawa, da uwa da 'ya'ya da jikoki. In ruwa ya gangaro daga duwatsu su tare shi su shayar da shuka. Shaima tana so. Ubanta yana so. Kubra ta ce tukuna.

Wata ranar Asabar Rakan ya hau benen yana haki, rungume da jarka cike da wani abu ja wur. Ya gaida Kubra da Hala, wato inna.

"Hala, Ummi na gaishe ki. Ruwan inabi ne, da safen nan aka matse. Ta ce a sa a firji, a shanye yau, kada ya kwana."

Kubra ta yi godiya da baki, idonta na kan jarka. Me ya sa sai yau? Me suke tsoron a gani gobe? Mutane masu inabi har bakin dutse, a kwarin da babu maƙwabci, wa ya san abin da suke yi in sun rufe ƙofa?

Shaima ta ɗauko kofi.

"Ajiye! Ba mai taɓa shi sai na san ko giya ce."

"Ummi, haram alaiki! To ko a firji a sa."

"Kusa da zamzam ɗina? Allah ya kiyaye."

Ta ƙara murɗe murfin, ta kai jarkar sito, ta tura ta bayan buhun shinkafa, inda sanyin na'ura bai taɓa leƙawa ba. Sannan ta shiga neman wanda ya san warin giya. A Makka!

Ta fara da mijinta. Ya ce, "Ni da kika ƙarar da ƙuruciyarki kina shinshinawa, yau ni ne gwani?"

Ta kira Ya'u mai gyaran famfo, don ta ji ya taɓa aikin otal a Legas. Ya'u ya ja da baya har ya taka takalman baƙi.

"Hajiya, rufa mini asiri. Ni a bakin ƙofa aka ajiye ni. Hancin nan ma tun ina goye ya toshe."

Kwanaki suka yi ta tafiya, zafin Makka kuwa irin wanda ƙadangare ke neman lema. Jarka ta kumbura ta yi ciki kamar ta ci layyar unguwa ita kaɗai. Kubra ba ta leƙa ba, tana can tana tambayar mata ko sun taɓa ganin wani ɗan gidan su Rakan yana tangaɗi.

Ranar da Hajiya Nuriyya, uwar Rakan, ta zo da ƙannenta a tsayar da rana, an zuba gahawa ke nan sai aka ji daram! Tattabarun Kudai har yanzu ba su gama dawowa ba. Jan kumfa ya malalo ta ƙarƙashin ƙofar sito, ya nufo darduma, wari na biye da shi.

Hajiya Nuriyya ta ajiye finjali. Ta buɗe sito, ta daɗe tana kallo.

"Yaya Kubra, wannan jarkar gidana ce. Halal ta bar hannuna. Mu wanda ya fara kumfa, a ƙasa muke zubarwa. Ashe ku ajiyewa kuke ya nuna?"

"Wallahi bincike nake yi!"

"Tayyib. Mu ma bari mu yi namu."

Ta ja mayafi ta fita, ba a sa rana ba. Shaima ta shige ɗaki ta rufe, ta daina yi wa uwarta magana.

Binciken kuwa an yi shi. Da aka zo kan Ya'u, bawan Allah ya ce shi bai san komai ba, illa dai Hajiya Kubra ta taɓa kiransa ya shinshina mata wani abu a sito. Wannan shaidar ta ƙara wa auren jinkirin wata guda. Sai da Kubra ta hau bas ɗin mijinta har kwarin, ta zauna a gindin inabi ta ba da labarin tun daga dabinon Nakkasa, Hajiya Nuriyya tana dariya tana share hawaye, sannan aka sa rana.

Shaima tana can Ɗa'if da goyonta. Duk kaka surukai suna aiko wa Kubra rabonta, amma busasshen zabibi kawai. In Hajiya Nuriyya ta kawo ziyara kuma, kafin ta zauna sai ta ce bari ta gaida sito.